Kunnen Bature

Mahaifinmu zabiya ne. Tun yana yaro ake ce masa Bature, sunan kuma ya bi shi har tsufa, har wasu maƙwabta ba su san yana da wani ba. Bai taɓa nuna ya ji haushi ba. In yaran layi suka biyo shi suna kira, sai ya ɗaga musu hannu kamar mai neman ƙuri'a, ya wuce abinsa. Ni ce autarsa, ni ce kuma nake zaune da shi yanzu da ya tsufa, don haka abin da zan faɗa ko na gani da idona, ko daga bakinsa na ji.

Bai yi nisa a karatu ba. Idonsa rawa yake yi, ba ya gane abu sai ya zo dab da hancinsa. Da yake dogo ne, malamin ajinsu ya ajiye shi a bencin ƙarshe, inda allo yake zame masa baƙin bango kawai. Da aka gaji da dukansa a kan daƙiƙanci, kakanmu ya cire shi ya kai shi wurin wani mai kantin kayan masarufi. Can ma bai daɗe ba. Mata suka ce ba za su karɓi sukari da gishiri daga hannunsa ba, mai ciki kuwa in ta hango shi juyawa take yi. Mai kanti ya ja shi gefe, ya ce shi kam ba shi da matsala da shi, amma ciniki yana ja da baya. Aka gwada shi wurin tela, ya kasa zura zare a allura. Duk aikin da ake yi a inuwa, ko ido yake so, ko fuskar da ba za ta kori mutane ba. Abin da ya rage masa shi ne aikin rana.

A bakin babban titi akwai wani lambun dashe, inda ake rainon furanni da ƙananan itatuwa a baƙaƙen ledoji, ana sayar wa masu sababbin gidaje. Nan ya samu shiga, nan kuma ƙarfinsa ya ƙare. Ya tankaɗe ƙasa, ya cuɗa da taki, ya cika leda, ya jera. Ya ɗebo ruwa ya yi ban ruwa safe da yamma. Da tsakar rana ya tsaya a bakin kwalta yana jiran mota ta rage gudu. Ƙananan dashe suna da rumfar raga saboda rana tana ƙona su, amma mai lambun ya hana Baba zama a ƙarƙashinta, wai in masu saye ba su ga mutum a tsaye ba wucewa suke yi. Daga baya ma ya lura farin mutum a tsakiyar koren ganye yana jan ido tun daga nesa, har yana yi wa abokansa raha cewa shi ba ya bukatar allon talla. Baba da kansa yake ba mu wannan labari yana dariya. Ni har yau ban ga abin dariya a ciki ba.

Wuyansa da bayan hannuwansa kullum ja wur suke, leɓɓansa a fashe. Innarmu ce take shafa masa mai da yamma, tana yi tana faɗa da ranar kamar ranar tana jin ta. Ta haifa masa mu uku, duk baƙaƙe. Kowace haihuwa, gwaggonninmu kan buɗe zanin jariri tun kafin su gaida mai jego, su duba, su ce an gode Allah. A gabansa suke faɗa. Shi ma sai ya ce an gode Allah.

Babban Yaya shi ne namiji, da bokitin ban ruwan Baba ya yi karatu har ya samu aikin ofis a wani birni mai nisa. Yaya Malama tana koyarwa a firamare, tana aure a ɗaya gefen gari. Ni tela ce. Mijina ya rasu ba da daɗewa ba bayan rasuwar Inna, sai na ɗauko kekena na dawo gida, na mai da ɗakin Inna ɗakin ɗinki.

Ba zan ce Babban Yaya ba ya son Baba ba. Shi ne ya raba shi da aikin lambun, shi ya saya masa tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, wanda da shi ne Baba ya fara ganin fuskokin jikokinsa sosai. Amma tun yana makarantar kwana, ranar ziyara Inna yake so ta je. In ya zama dole Baba ne, a bakin ƙofa yake tsayawa ya ba mai gadi saƙo. A falon Yaya akwai babban hoton Inna. Da na tambaye shi ina na Baba, sai ya ce an ɗauka bai fito da kyau ba, haske ya yi masa yawa.

Mai askin Baba ne ya fara ganin abin. Ya rako shi har gida, ya tsaya a ƙofar ɗakin ɗinki ya ce, “Auta, ki duba kunnen Baba na hagu, can sama a gefe. Aski uku ke nan ina kauce masa. Ya yi ɓawo, ya faɗi, ya sake yi. Ba na son irin wannan ƙurjin da ba ya jin magana.”

Na duba. Bai fi ƙwayar wake ba, gefensa ya ɗan tashi, tsakiyarsa ɗanye. Baba ya ce ba ya masa ciwo, mu ƙyale shi, fatarsa ta ga abin da ya fi wannan. Na ƙi. Muka je asibiti, aka tura mu wurin likitar fata, wata mace mai furfura a gaban goshi, mai magana a hankali. Ta tsinci ɗan nama ta aika a duba. Ranar karɓar sakamako ciwon gwiwar Baba ya tashi, sai na tafi ni kaɗai.

Likita ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce ciwon daji ne na fata, rana ce ta jawo shi, kuma an yi sa'a an kama shi yana ƙarami, bai shiga ciki ba, bai sauka wuya ba. Ta miƙo mini ruwa, ta jira na sha, sannan ta shimfiɗa mini hanyoyin.

“Ta farko, a yanke. Za mu yi masa allurar kashe zafi a wurin, yana farke, mu cire yanki ɗan siriri da kewayensa, mu ɗinke. Ranar zai koma gida. Kunnen zai ɗan rage girma, shi ke nan. Ta biyu, gashi da na'ura. Babu wuƙa, amma sai ya riƙa zuwa babban asibiti kusan kullum har makonni, fatarsa kuma za ta sha wuya, guringuntsin kunne ba ya son gashi. Mun fi ajiye wannan ga wanda jikinsa ba zai ɗauki yanka ba. Akwai man shafawa, amma na wannan kaushin da ke bayan hannunsa ne, ba zai kai ga wannan ba. Akwai kuma a zuba masa ido, wannan na wanda tsufa ko wani ciwon ya riga ya ci ƙarfinsa ne. Mahaifinki da sauransa.”

Na ce, “Likita, in naki ne fa?”

Ta ce, “Yankewa zan yi. Ba abin gudu ba ne yau ko gobe, amma kada a ɗauki watanni. Ki kawo shi ya ji da kansa, kunnensa ne.”

Da la'asar Yaya Malama ta zo. Muka rufe ƙofar ɗakin ɗinki, na kira Babban Yaya, na ɗora wayar a kan keke kowa yana ji. Abu na farko da ya ce shi ne kada wanda ya faɗa wa Baba, sunan ciwon kaɗai ya isa ya kwantar da tsoho. Na biyu, ba za a yanka ba.

“Ƙarfe in ya taɓa daji, tashi yake yi,” in ji shi. “Mahaifiyar abokin aikina haka aka yi mata. Tana zaune lafiya aka buɗe ta, ba ta ga ƙarshen shekara ba.”

Na ce nata a ciki yake, wannan a gefen kunne yake, likita ta ce ba ɗaya ba ne.

Babban Yaya ya ce, “Kuma a gutsure wa ubanmu kunne kamar wata akuyar da aka yi wa shaida? Da wanne mutane za su ji? Ga na'ura an yi ta don irin wannan. Na san wanda zan yi wa magana a babban asibiti.”

Yaya Malama ta ce ita da wuƙar da na'urar duk tsoro suke ba ta. Akwai wata mata da take kawo wa malaman makarantarsu magani, tana da wani mai da yake cinye irin wannan ƙurji ya faɗi da kansa, ta ga hotuna a waya. Na ce likita ta ce mai ba zai kai ba. Ta ce ai likita nata man take nufi. Na sake komawa kan yankan, na ce rana ɗaya ce a gama, gashi kuwa wa zai riƙa kai shi kullum, mota biyu zuwa, mota biyu dawowa, da tsayuwa a rana, ranar da ita ce ta jawo ciwon.

Yaya ya ce, “Auta, ke ɗinki kika sani. Ba komai ake gyarawa da almakashi ba.”

Yaya Malama ta yi dariya. Aka tashi ba a tsayar da komai ba, sai dai a ɓoye wa Baba.

Washegari na kai masa shayi. Yana zaune a bakin gado, ya cire tabarau yana goge shi da gefen riga. Bai ɗago ba ya ce, “Idona ne ba ya gani, Auta. Kunnen da kuke faɗa a kansa yana ji. Bangon nan ni na sa aka yi shi, na san kaurinsa.”

Ya ce in zauna in faɗa masa duk abin da likita ta ce, kada in rage. Na faɗa. Ya saurara har ƙarshe, ya shanye shayinsa, ya ce in kai shi wurinta.

A gaban likita tambaya ɗaya ya yi. Ya taɓa ƙafar tabarau inda ta hau kunnen, ya ce, “'Yata, in kin yanke, wannan a ina zai zauna? Ni kyau bai taɓa damuna ba, ban same shi ba balle in rasa. Amma in babu wannan, ko fuskarki ba zan gani ba.”

Mu uku mun yi ta gardama, babu wanda ya tuna da tabarau. Likita ta zagayo, ta ɗaga ƙafar, ta auna da yatsa. Ta ce, “Baba, wurin zamansa ba zan taɓa shi ba. Daga nan zuwa nan kawai zan ɗauka.”

Ya ce, “To yanke.”

Aka ba mu rana. Na dawo gida kamar an sauke mini dutse. Na kira Babban Yaya na faɗa masa Baba ya sani, kuma ya zaɓa. Ya kashe waya. Kafin ranar ta zo sai ga motarsa a ƙofar gida.

Na yi zaton faɗa zai yi. Da faɗan ya yi da ya fi mana. Ya cire takalmi ya shiga ɗakin Baba, ya bar kujera ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Ya kama hannunsa, wannan hannu mai kaushi da tabo, ya riƙe cikin nasa biyu. Ina tsaye a bakin ƙofa, ban taɓa ganin haka ba tun da na yi wayo.

“Baba,” ya ce, “duk abin da na zama kai ne. Ban taɓa yi maka wani abu da za a nuna ba. Ka bar ni in yi maka wannan. Kada ka bari a taɓa ka da wuƙa ina da rai, ina da hanyar da ta fi.”

Hawaye yake yi, kuma na gaskiya ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Tsoro yake ji. Da safe ya sa Baba a gaban mota, ni a baya, muka tafi babban asibiti. A kowace ƙofa ya ce, “Mahaifina ne,” da ƙarfi, hannunsa a kafaɗar Baba. Likitan gashi ya duba takardu, ya ce shi ma da yanka zai fara ba da shawara, amma in iyali sun ƙi, gashi yana aiki. Yaya ya ce iyali sun ƙi. Likitan ya dubi Baba. Baba ya ce, “Abin da ya ce.”

A hanyar dawowa Yaya ya tsaya ya saya masa malafa mai faɗi da lemo mai sanyi. Baba yana ta murmushi kamar yaron da aka kai yawo.

Da Yaya ya fita gaida abokansa na shiga na ce, “Baba, kai ka ce a yanke. Da bakinka.”

Ya ce, “Na ce.”

“To me ya canza? Ciwon ne ya canza?”

Ya ɗauko malafar ya ɗora a gwiwa. Sannan ya ce, “Kin ji yadda yake faɗa musu ko ni wane ne? Har mai shara ya faɗa wa.” Ya gyara zaman malafar a gwiwarsa. “Duk hanya ce, Auta. Likitar ma ta ce hanya ce. Ki bar shi ya yi.”

Ni na je na soke ranar yanka. Likita ta ce in dai za a fara gashin da wuri, ba laifi, amma in aka ga jinkiri mu dawo.

Yaya ya koma bakin aikinsa. Aka auna Baba, aka zana masa alama da tawada, aka ce mu zo farkon mako. Muka zo, aka ce na'ura ta tsaya, ana jiran mai gyara. Mai gyara ya zo, ya ce sai an kawo wani ƙarfe daga waje. Muna zuwa muna zama a dogon benci tare da mutanen da ciwonsu ya fi namu nesa ba kusa ba, wasu daga garuruwa masu nisa, da tabarminsu da tukwanensu. Tawadar ta goge, aka sake zanawa, ta sake gogewa. Ɗinkin mutane ya taru a kan kekena, wasu suka zo suka karɓe yadinsu. Duk sanda na kira Yaya sai ya ce ya yi magana da mutuminsa, mako mai zuwa ne, kuma sunan Baba yana sama.

Ana cikin haka Yaya Malama ta zo da man matar nan a wata ƙaramar kwalba, baƙi, mai warin ƙona. Ta ce ba wai a bar na asibiti ba ne, kafin na'ura ta gyaru ne. Na ce ba za a shafa ba. Ta ce, “Wato na Yaya an karɓa, naki an saurara, ni ce ba 'yarsa ba.” Ta fara kuka. Baba ya juya mata kunnen ya ce, “Shafa.” Daga baya ya ce mini ba ya so a ce ya fifita wani a kan wani.

Man ya ci fata kamar wuta. Wurin ya yi baƙi, ɓawo ya faɗi, Yaya Malama ta ce ai ciwon ne yake fita. Abin da ya fito a ƙarƙashi ya ninka na da. Ya fara ruwa, ya fara jini. Kowace safiya sai na cire rigar matashi na jiƙa. Ƙafar tabarau ta riƙa gogar wurin, har Baba ya daina sa shi, ya koma lalube a gidan da ya gina. Ya yi karo da ƙofa, ya zubar da shayi, ya gaida maƙwabcinmu da sunan wani.

Na roƙe shi, na yi fushi, na daina magana, na sake roƙo. Amsarsa ɗaya ce. “Yayanku ya yi magana da manya a can. In na janye na kunyata shi.”

Damina ta shiga ta fita muna jiran mako mai zuwa.

Abin da roƙona ya kasa, wani baƙo ya yi shi ba da saninsa ba. Baba ya je sallar azahar, mutumin da ke gefensa na hagu ya ja jiki ya toshe hanci da gefen riga. Baba ya saba a matsa daga kusa da shi, an yi masa haka tun yana yaro, amma saboda kala ne, kuma ya san kala ba ƙazanta ba ce. Mutum ne mai wanka sau biyu ko a lokacin sanyi. Ya dawo ya tsaya a tsakar gida, ya ce, “Auta, wari nake yi?”

Na ce, “Kaɗan, Baba. Ciwon ne.”

Ya ce, “Ɗauko mayafinki. Kai ni wurin likitar nan.”

Likita ta cire audugar da na rufe wurin da ita ta duba. Ba ta yi mana faɗa ba. Ta shafa wuyansa a hankali, gaba da baya, ta sake shafawa. Sannan ta ce, “Baba, ina ka shiga?”

Ya ce, “Layi nake bi, 'yata.”

Ta ce har yanzu wuya lafiya, wannan abin godiya ne. Amma ciwon ya shiga guringuntsi, ya zagaya baya. Abin da a baya za a yi yana farke a sallame shi ranar, yanzu sai an sa shi barci, a cire yawancin kunnen, a ɗebo fata daga cinya a rufe wurin. Kuma a shekarunsa, da hawan jininsa, barcin tiyata ba wasa ba ne.

Baba ya ciro tabarau daga aljihu ya riƙe. Bai ma gama tambayar ba ta ce, “Wannan karon ba zan iya yi maka alkawari ba.”

Ya mai da shi aljihu. Ya ce a yi.

Na sanar da su ta saƙo, bayan an sa hannu. Yaya ya kira yana cewa an tabbatar masa ƙarfen ya iso tashar jirgi. Na ce Allah ya kawo shi lafiya, akwai masu jira da yawa.

An yi aikin, ya farka, ya sha wuya. Ciwon cinyar ya fi damunsa fiye da na kan, ya daɗe bai taka da kyau ba, kuma tun daga nan sanda ta shiga hannunsa ba ta fita ba. Sakamako ya dawo cewa an cire duka. A wurin kunne sai ɗan leɓe a ƙasa da rami, da fata mai sheƙi a kewaye. Yana ji, amma ba ya gane daga ina magana take zuwa. In na kira shi daga madafa sai ya juya wajen ƙofar gida. Tabarau kuwa na cire masa ƙafafu, na ɗinka masa roba mai faɗi irin ta ƙugun siket, na lulluɓe ta da yadi mai laushi, tana zagaya ƙeya. Na yi uku kafin in samu wadda ba ta danne ɗinkin ba.

Babban Yaya ya zo asibiti da kwandon 'ya'yan itace. Ya tsaya ta gefen dama na gado. Ya yi ta faɗa a kan na'ura da masu kula da ita, ya ce da ta yi aiki da duk wannan bai faru ba, kuma da gaskiyarsa a nan. Yaya Malama ta ce abin da aka rubuta ba ya goguwa. Kwalbar man ba a sake ambatonta ba. Kafin Yaya ya tafi ya ciro wata hular saƙa mai sauka har wuya, ya ce saboda ƙura da ƙuda, kuma in baƙi sun zo. Baba ya sa masa albarka. Har yau in ya ji sallama sai ya laluba ya jawo ta, ko da zafi ya kai yadda ya kai, gumi yana bin wuyansa.

Ga dangi kuwa labarin da ya zagaya shi ne Yaya ya tsaya tsayin daka a kan ciwon mahaifinsa, har da barin aiki ya zo da mota. Wata gwaggonmu ta ce mini in gode Allah da muke da namiji.

Likita ta ce fata irin ta Baba, da ranar da ta sha, wani zai iya fitowa a wani wuri, don haka mu riƙa zuwa tana dubawa. Muna zuwa. A zuwanmu na bayan nan ta ga wani ɗan ƙurji a bayan hannunsa na dama, ƙarami ƙwarai. Ta fara bayani, ta ce akwai hanya biyu, za mu iya komawa gida mu yi shawara.

Baba ya ɗora hannun a kan tebur. Ya ce, “Kina da wuƙa a kusa?”

Ta ce akwai.

“To yi yanzu, kafin mu je gida waya ta yi ƙara.”

Ta yi dariya, ni ma na yi. Ɗinki huɗu ne, muka dawo gida kafin la'asar, ya ci abincinsa da cokali a hannun hagu.

Yaya Malama ta ga bandeji, ta kai labari. Babban Yaya ya kira ni, muryarsa a sanyaye. Ya ce tunda yanzu ni ce mai yanke hukunci a gidan, kuma ba a ga ya isa a tambaye shi ba, to Allah ya ba da sa'a. Na ce ga Baba nan, ka ji daga bakinsa. Ya ce yana cikin taro.

Tun daga ranar bai kira ba. Hannun ya warke, an cire zare, tabon ma sai an nema. Da yamma in na tashi daga keke na kan tarar da Baba a kujerarsa ta tsakar gida, wayarsa a cinya, ya juyo da kunnensa na dama wajenta. Sai ya ce, “Auta, duba mini, ko ta mutu ne.”

In duba in ce, “Da caji, Baba.”

“Yayanku bai kira ki ba?”

“Bai kira ba.”

Sai ya gyaɗa kai. “Aiki ne ya yi masa yawa,” in ji shi. “Kada ki dame shi.”